Ƙirji ya buɗe amma yaron ƙauye ya kayar da ni: ina laifin yake?

Ɗan Garin Malam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, don Allah kada a mai da ita abin dariya. Wata bakwai ke nan ina ɗaga ƙarfe a fadarmu, wato majalisarmu ta samari, safe da yamma, Juma'a kaɗai nake hutawa. Ƙarfen namu irin wanda kowa ya sani ne, manyan gwangwanaye biyu an cika da siminti an soka bututu a tsakiya. Ƙirji ya buɗe, damtse ya cika hannun riga, har yaran unguwa sun fara ce mini Katafila. Ran Lahadi na shiga kokowa a wani wasa can hanyar Mirya, wani siririn yaro da na fi shi nauyi nesa ba kusa ba ya kai ni ƙasa. Kuma ba wata dabara ya yi mini da farko ba. Mun riƙe juna kamar minti uku, sai na ji hannuwana sun mutu, ƙafafuna na rawa, numfashi ya ƙare. Shi kuwa kamar lokacin ya shigo fili. To mene ne amfanin ƙarfen da na ɗaga?

Na Zango: Amfaninsa hoto, Katafila. Ai hotonka na Facebook babu wanda ya kayar da shi.

Ɗan Garin Malam: Ka gani ko? Shi ya sa na fara da roƙo.

Baba Mai Walki: Wa alaikumus salam. Ɗana, wanda bai sha ƙasa ba bai fara kokowa ba, ka kwantar da hankalinka. Amma gaskiya ɗaya ce, ƙarfen nan shi ke kashe ku. Ni na yi kokowa tun ina saurayi har gwiwa ta ce ta gaji, ban taɓa kwanciya rigingine ina tura siminti sama ba. Wa za ka yi kokowa da shi a kwance? In ka kwanta a haka ai an gama da kai, makaɗa sun koma wajen wani. Mu huɗa muka sani, da jan guga, da ɗaukar dami daga gona zuwa rumbu. Yaron da ya kayar da kai, na rantse ba a gwangwani ya samo ƙarfinsa ba. Ku bar ƙarfe, yana sandarar da jiki.

Sarkin Ƙarfe Kara-Kara: Baba, da girmanka, wannan maganar ta da ce. Yanzu duk 'yan kokowar duniya suna ɗaga ƙarfe. Laifin Katafila bai ɗaga da yawa ba ne. Ya ƙara gwangwani, ya ƙara awa. Sai an sha wuya akan sha daɗi.

Malamin EPS (malamin motsa jiki): Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma zan ɓata wa mutum biyu rai lokaci guda: Baba bai yi daidai ba da ya ce a bar ƙarfe, Sarkin Ƙarfe kuma in aka bi shawararsa sai mun je dubiya asibiti.

Ƙanena, bari in fara da minti ukun nan, don a nan aka kayar da kai, ba a lokacin da bayanka ya taɓa ƙasa ba. Tsoka tana aiki da wani sinadari da ake kira ATP, kuma hanya uku jiki ke samar da shi. Ta farko kamar kuɗin aljihu ce, tana nan a cikin tsokar, ana ce mata fosfokireyatin. Ita ce ke ba ka ƙarfin fizga, ka ɗaga mutum ka maka. Amma daƙiƙa 10 ko kusa da haka ta ƙare, kuma tana son minti 3 zuwa 5 na hutu kafin ta sake cika. Ta biyu tana ƙona sukarin da ke ajiye a tsoka da sauri, ita ke riƙe ka daga wajen daƙiƙa 30 zuwa minti 2 na aiki mai tsanani, ita ce kuma take zuwa da wannan zafin da mutuwar hannu da ka ji. Ta uku ita ce mai aiki da iskar da kake shaƙa, zuciya da huhu ke ɗauke da ita. Ba ta da saurin ta farko, amma ita ce rumbu, kuma ita ke sake cika aljihun nan a duk ɗan sararin da ka samu.

Kai wata bakwai kana horar da aljihu. Ka tura ƙarfe sau takwas, ka ajiye, ka sha shayi, a yi hira. Yaron can yana wuni a gona, rumbunsa cike yake. Ya jira aljihunka ya ƙare ne kawai.

Ɗan Garin Malam: Malam, wallahi kamar kana wurin. Har shayin.

Malamin EPS: Na san fada, ni ma a cikinta na girma. Abu na biyu, jiki abin da ka koya masa shi yake iyawa. Baba ya faɗe shi da kyau, babu mai kokowa a kwance. Ƙarfin kokowa daga ƙasa yake tasowa: tafin ƙafa, cinya, ƙugu, gadon baya, sannan riƙon yatsu da wuya. Ƙirji da damtse su ne na ƙarshe a layi. Tambaya: sau nawa ka ɗora ƙarfen nan a kafaɗa ka tsuguna ka tashi?

Ɗan Garin Malam: Gaskiya ba mu cika yin ƙafa ba. Gudu ne na ƙafa, in an samu lokaci.

Na Zango: Gini a kan ƙafar kaza.

Baba Mai Walki: To Malam, ai maganata ka maimaita da turanci. Ina kuskurena?

Malamin EPS: Ranka ya daɗe, kuskuren shi ne ka ce ba ka ɗaga ƙarfe ba. Ka ɗaga, sai dai ba siminti ba ne. Guga cike da ruwa daga rijiya mai zurfi horon baya da riƙo ne. Dami a ka horon wuya da ƙugu ne. Tsoka ba ta san sunan abin da aka ɗora mata ba, nauyi kawai ta sani. Kuma akwai abin da kuke yi wanda yaran yanzu suka yar. Ku duba shekarar ɗan kokowar da: damina aiki mai yawa mai tsawo, kaka ga hatsi ga wake an ci an ƙoshi, sai a shiga kokowa jiki cike, in zafi ya tsananta kuma a lafa. Wannan rabon shekara zuwa zango-zango shi ne wani masanin Tarayyar Sobiyet mai suna Matveyev ya tsara a rubuce a shekarun 1960, duniya ta ɗauka. Ku kun yi shi ba da takarda ba. Yanzu gasar takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasar Nijar wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zuwa wajen ƙarshen shekara, kowace jiha daga cikin takwas ta kawo 'yan kokowa goma. Wanda ke son a zaɓe shi cikin goman Damagaram ya kamata ya ƙirga baya daga nan: watannin gina jiki, watannin nauyi mai yawa, makonnin sauri da kokowa zalla, sannan ya sassauta kafin ranar. Ba wata goma sha biyu abu ɗaya ba.

Batun sandarewa kuma, ƙarfe ba ya sandarar da jiki in ana kai gaɓa iyakarta, a tsuguna har ƙasa, a miƙe hannu duka. Rabin motsi da yaran fada ke yi don su ɗaga mai nauyi a gaban abokai shi ke kawo abin da kake gani.

Baba Mai Walki: Wannan na yarda da rabi. Amma har gobe riƙo ba a koyonsa sai a jikin mutum. Ƙarfe ba ya taɗiya, ba ya yaudara, ba ya zufa ya suɓuce maka.

Malamin EPS: A nan ba ni da ja ko kaɗan.

Sarkin Ƙarfe Kara-Kara: Ni fa ba a amsa mini ba. Me ya sa ƙara aiki zai zama laifi? Ni in ban ji jikina ya yi tsami washegari ba, na san ban yi komai ba. Tsamin nan ai shi ne shaidar asid ɗin ya taru, nama na girma.

Ɗalibar Jami'a: Yaya, bari in shigo nan, don wannan maganar ta asid an daɗe da gyara ta. Laktet, wato asid ɗin da ake ɗora wa laifi, yana barin jini cikin kamar awa guda bayan an gama. Tsamin jiki kuwa sai bayan awa 24 zuwa 72 yake fin tsananta. Abin da ke kawo shi ƙananan raunuka ne a zaren tsoka da kumburin da ke biyo baya, musamman a motsin da tsoka ke miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, kamar saukar da ƙarfe a hankali ko saukowa daga dutse. Wanda ya taɓa hawa duwatsun Birni ya san saukowa ce ke kama cinya washegari. Kuma tsami ba ma'aunin ci gaba ba ne. In ka saba da motsi tsamin yana raguwa, ƙarfi kuwa yana ci gaba da ƙaruwa.

Sarkin Ƙarfe Kara-Kara: Ƙanwata, ke kin taɓa ɗaga ƙarfe?

Ɗalibar Jami'a: Shekara uku ina tekwando, ina tsuguno da abin da ya fi nauyin jikina. Kuma kafin ka tambaya, ban zama namiji ba, sinadarin da ke kumbura tsokar maza kaɗan ne ƙwarai a jikin mace. Ka dubi Alfaga ma, ɗan tekwandonmu da ya ciyo mana lambar azurfa a gasar Olamfik ta Riyo a 2016 ya zama zakaran duniya a 2017. Dogo ne, ba tulin ƙirji ba. Kowane wasa da irin jikin da yake nema.

Na Zango: Sarkin Ƙarfe, ka nemi wurin zama.

Malamin EPS: Ta gama da wannan. Ni zan amsa ɗaya ɓangaren, don shi ne ainihin ciwon fadojinmu. A lokacin da kake ɗaga ƙarfe ba ƙarfi kake samu ba, rushe jiki kake yi kaɗan. Ginin yana faruwa ne bayan ka ajiye, cikin kwana ɗaya zuwa biyu, in akwai abinci da barci. In ka dawo ka sake dukan tsoka ɗaya da yamma, gobe ma haka, kamar magini ne ya yi yaɓe, kafin ya bushe ya zo ya kankare ya sake. Wani masani mai suna Hans Selye ya bayyana tushen wannan tun 1936: jiki yana jin wahala, ya saba ya ƙara ƙarfi, in kuma wahalar ba ta yanke ba sai ya durƙushe. Ɗan Garin Malam, faɗa mini gaskiya, nauyin da kake ɗagawa yau ya fi na wata uku baya?

Ɗan Garin Malam: Shi ne dai. Wata biyun farko na yi ta mamakin kaina, abin da ban iya ɗagawa sau uku ba na koma ina yi sau goma sha biyu. Daga nan komai ya tsaya. Kafaɗar dama ma tana mini ciwo da dare.

Malamin EPS: Saurin farkon nan yawancinsa ba nama ba ne. A makonni 4 zuwa 8 na farko, ƙwaƙwalwa da laka ne ke koyon kiran zaruruwan tsoka da yawa lokaci guda, su daina karo da juna. Girman nama yana biyowa a hankali. Jiki kuma yana da tsari, yana fara kiran ƙananan zaruruwa masu juriya, sai nauyi ya yi yawa ko ana son sauri yake tayar da manya masu fizga. Gwangwaninka da kake ɗagawa sau goma sha biyu yanzu ya daina tayar da su sai can ƙarshe.

Maganin shi ne ƙari kaɗan-kaɗan. Girkawa na da labarin wani ɗan kokowa, Milo, wai kullum yana saɓa maraƙi a kafaɗa har ya zama sa. A zamanin nan wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ya tsara abin a 1945 yana jinyar sojojin da suka ji rauni a yaƙi.

Bafulatanin Tanut: Malam, wanda ya ƙirƙiro labarin nan bai taɓa kiwo ba. Maraƙi ya fi mutum saurin girma, wata shida zai karya masa baya. Kuma wane maraƙi ne zai tsaya?

Malamin EPS: Ka yi gaskiya, kuma ka taimake ni. Ƙarin ya zama kilo ɗaya ko biyu, ba gwangwani guda ba. Tsoka tana saurin sabawa, amma jijiyoyin da ke ɗaure ta da ƙashi, irin agara, sun fi ta nawa. Mai gaggawa a can yake yagewa.

Ga ma'auni. Ƙarfi zalla: nauyin da ba ka iya wuce sau 3 zuwa 5 da shi, wato kashi 85 cikin 100 na iyakarka ko kusa, hutu minti 3 tsakani. Girman nama: sau 6 zuwa 12. Juriya: 15 zuwa sama. Kai yanzu ba nama kake nema ba. Kwana uku a mako ya ishe ka ƙarfe, da kwana guda tsakani: tsuguno da nauyi, ɗaga nauyi daga ƙasa baya a miƙe, jan jiki sama a reshe ko ƙarfen ƙofa, rungumar buhun yashi ka yi tafiya da shi. Turin ƙirji ka bar shi mako biyu ko uku saboda kafaɗar, in ciwon daren bai lafa ba ka je a duba. Sauran kwanaki kokowa da gudu, wani lokaci mai tsawo a hankali, wani lokaci daƙiƙa 30 da ƙarfi, hutu, a sake. Kada dai ka haɗa doguwar tsere da nauyin ƙafa a zama ɗaya. Wani mai bincike mai suna Hickson ya nuna a 1980 cewa gudu mai yawa tare da ƙarfe yana rage ƙaruwar ƙarfi.

Garuwa: Ni bido nake ɗauka tun asuba, lita 25 kowane hannu. Ke nan ni ma ɗan wasa ne?

Malamin EPS: Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kilo 50 kake yawo da shi. Riƙonka ya fi na rabin fadar nan. Abin da ya rage maka hutu da abinci, su kuma na san ba a hannunka suke ba.

Majo (ma'aikacin asibiti): Na jira a zo kan abinci, amma akwai abin da ya fi shi gaggawa, kuma kowa a nan ya san shi, an yi shiru ne. Tramol. Ba ya ƙara ƙarfi ko na giram ɗaya. Yana toshe jin ciwo ne, sai mutum ya ci gaba da aiki a kan kafaɗar da ke yagewa. Yana kawo farfaɗiya in an sha da yawa, yana kama mutum ya kasa bari. Hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a tire kuma, da yawansu ruwa da kitse suke tarawa a fuska da ciki, irin su dekisametazon ma cinye tsoka suke yi. Allurar kumbura nama tana taɓa zuciya da hanta, tana ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, tana iya hana haihuwa.

Sannan zafi. A watan Afrilu garin nan yana wuce digiri 40, mai horo yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na zufa a awa guda. Rasa kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ya isa ya rage maka aiki, ga mai kilo 80 bai kai kilo biyu ba. Na taɓa karɓar wani saurayi da abokai suka sa shi gasar tsuguno da tsakar rana, kwana biyu bayan nan cinyoyi sun kumbura, fitsarinsa kamar shayin farko. Tsoka ce ta narke ta shiga jini, saura kaɗan ƙoda ta tsaya. Duk wanda ya ga fitsari ya yi wannan launi bayan horo, asibiti kai tsaye, ba jiƙo ba. Mai ɗauke da jinin sikila kuma, ko da AS ne, ya kiyayi aiki mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa.

Sarkin Ƙarfe Kara-Kara: Majo, wannan na ji. Akwai yara biyu a wajenmu da zan tura wa saƙon nan. Amma garin furotin da ake kawowa daga Kano fa?

Majo: In na gaskiya ne, madara ce aka tace, ba laifi, sai tsada. Matsalar ba ka san abin da ke cikin robar da ba ta da hatimi ba. Ɗan wasa yana son kamar giram 1.6 na furotin a kowane kilo na jikinsa a rana. Mai kilo 80, giram 128 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, don haka masu fasa ɗanyen ƙwai biyu su ce sun gama, ba su fara ba, kuma dafaffe ya fi shiga jiki. Amma busasshen wake giram 100 yana da sama da 20, litar nono sama da 30, hatsi ma yana da nasa. Ƙuli-ƙuli ya fi gujiya don an matse mai. Busasshiyar fara kusan rabinta furotin ne. Fura da nono bayan horo, wake da rana, tuwo da dare, fara ko ƙuli a aljihu, ka kusa kaiwa.

Baba Mai Walki: Ashe dai abincinmu ne. Sai an sa masa lamba kafin ku yarda.

Uwar 'Yan Biyu: Malam, ɗana shekararsa 13, ya fara bin yayyensa wajen ƙarfe. Kakarsa ta ce zai tsumbure. In hana shi?

Malamin EPS: Hajiya, horon ƙarfi da aka yi daidai ba ya hana yaro tsawo. Haɗarin yana wajen gasar wa ya fi ɗaga mai nauyi ba babba a kusa, da ƙarfen da gwangwaninsa ke iya zamewa ya faɗo masa a ƙafa. Ya fara da nauyin jikinsa, ya iya motsi tukuna. Ki fi sa ido a kan abin da ake miƙa masa ya haɗiya a wurin.

Na Zango: Da azumi fa? Ko Katafila zai koma keke?

Malamin EPS: A rage yawa, a bar nauyin yadda yake, sau biyu a mako bayan an sha ruwa ko bayan asham. Ƙarfi ba ya gudu da wuri in ana taɓa shi. Numfashi ne ya fi saurin tafiya.

Ɗan Garin Malam: Na dawo. Da safen nan na ɗora ƙarfen a amalanke na kai wajen mai sikeli a kasuwar Dole, don in san daga inda zan fara ƙirga. Duka kilo 46 ne, ni da nake cewa 70. Kuma da muka auna kowane gefe, na dama ya fi na hagu da kusan kilo 4. Wata bakwai.

Majo: Ga kafaɗarka nan.

Baba Mai Walki: Ka zo bakin filin Langa-Langa ran Asabar bayan la'asar, akwai yaran da nake dubawa. Ka zo da gajeren wando, ka bar gwangwanin a gida. Malam, kai ma ka zo ka nuna musu tsugunon nan naka in gani da idona.

Malamin EPS: In sha Allah, Baba. Zan zo da buhun yashi biyu.

Sarkin Ƙarfe Kara-Kara: Mai sikelin nan nawa ya karɓa? Namu guda shida ne.